Shimfiɗa Intalok a Gidan Karkara

Da zarar damina ta kankama, tsakar gidan karkara kan koma caɓi. Daga zaure zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa rijiya, sai an yi ta tsallake-tsallake a kan duwatsun da aka jejjera. A da mata ne ke maganin wannan da daɓe: a zuba marmara, a yi ta dukanta da madaɓi, a yayyafa ruwan makuba. Yanzu intalok ya fara shiga ƙauye, wato ƙananan tubalan simintin nan da ake jerawa a kan yashi ba tare da kwaɓi ba. A ƙasar Holan suka fara yaɗuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan bulo ya yi ƙaranci.

Mai gida yakan ɓata lokaci wajen zaɓen launi da zane, alhali ƙarkon aikin a ƙarƙashi yake. Bayan an kafa turaku an ja igiya, sai a haƙe ƙasar sama mai taki da saiwoyi, zurfin kamar santimita 20. Hanya mai faɗin mita 1 ta isa mutum ya wuce da baro. A zuba tsakuwa ko marmara mai kaurin santimita 10, amma ba gaba ɗaya ba: a zuba rabi, a ɗan jiƙa, a daddanne, sannan a ƙara sauran. A nan ne leburori suka fi son yin ha'inci, don wahala ce zalla kuma ba mai ganinta idan an rufe. Ruwan Agusta ne ke tona asiri, ka ga hanya ta lotsa tana tara kududdufi. Inda ƙasa laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, sai a ƙara kaurin tsakuwar.

Tun a wannan mataki ake ba hanyar gangare, kamar santimita 2 a kowace mita, ruwa ya nufi wuriya. Ga gidan ƙasa wannan ba abin wasa ba ne, domin ruwan da ya kwanta a gindin katanga shi ke cinye ta.

Daga nan sai yashi mai kaifi, kaurin santimita 3, a baje shi da miƙaƙƙen katako, kada kowa ya taka. Jerin kansa ba wuya. Tubali mai kaurin santimita 6 ya wadatar wa masu tafiya a ƙasa, mai 8 kuwa na inda mota za ta bi ne. Idan tsawonsa santimita 20 ne, faɗinsa 10, guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya. A sayo da 'yar rara saboda masu fashewa.

Dole a ɗaure gefe biyun da bakin siminti, in ba haka ba tubalan za su yi ta buɗewa har jerin ya watse. A ƙarshe a share busasshen yashi cikin tsagogin, a danne, a sake sharewa har su cika. Wasu kan shimfiɗa leda a ƙasa wai don hana ciyawa. Amfaninta kaɗan ne, tunda iska ce ke kawo yawancin irin daga sama, ga shi kuma tana riƙe ruwa.

In za ka yi aikin, yi shi da rani, kuma kada ka karɓi tubalin da aka buga jiya. Siminti na buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.