Shin Ko Kun San? Zinariya a Sunayen Finafinan James Bond

'Yan uwa ɗalibai, da wuya a samu wanda bai taɓa jin sunan James Bond ba, ɗan leƙen asirin Ingila mai lamba 007, ko da kuwa a gidajen kallo na Tudun Jukun da Tudun Wada ne. Mun duba jerin finafinansa 25, sai muka tarar uku daga ciki suna ɗauke da kalmar zinariya ta Turanci.

1. Goldfinger, 1964. Sunan mugun fim ɗin ne, Auric Goldfinger. 'Yan ajin kimiyya ku lura: Auric daga kalmar Latin aurum yake, inda aka samo alamar zinariya Au, mai lamba 79 a jadawalin sinadarai. Dabararsa ita ce ya gurɓata zinariyar da Amurka ta adana a Fort Knox, don ta yi ƙaranci, tasa ta yi tsada.

2. The Man with the Golden Gun, 1974, wato mai bindigar zinariya. Scaramanga ke nan, makashin haya da ke karɓar dala miliyan ɗaya a kan kowane rai.

3. GoldenEye, 1995. A fim, sunan wani makamin tauraron ɗan'adam ne da mugaye suka sace. A zahiri kuwa sunan gidan Ian Fleming ne a ƙasar Jamaika, inda ya rubuta littattafan Bond.

Kun lura da abu ɗaya? Duk a ukun, zinariyar tana hannun mugu ne, ba jarumi ba. Ambatonta kaɗai yana tuna wa mai kallo kwaɗayi.

Mu ma muna da namu tarihin. Kalmar zinariya daga dinari na Larabci ta samo asali, gwal kuma aro ne daga Turanci. Mun kuma san illar haƙarta ba bisa ƙa'ida ba: a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara.

Saboda haka, idan wani ya ce mu bar aji mu bi shi ramin gwal, mu tuna: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tambayar mako: wane sinadari ne ke da alamar Ag? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya kafin Juma'a.