Haruffa Masu Bakin Algaita: Siffarsu da Amfaninsu a Ɗab'i



Masana ɗab'i sun kasa haruffan boko kashi biyu manya. Akwai masu 'yar ƙafa a gindin kowace sanda, irin waɗanda ake buga cikin littafi da su. Akwai kuma miƙaƙƙu marasa ƙafa. Tsakanin biyun nan akwai wani iri na uku, wanda shi ne abin da za mu duba yau. Sandar harafinsa siririya ce a tsakiya, sai ta riƙa buɗewa sannu a hankali zuwa ƙarshenta, kamar bakin algaita.

Asalin wannan siffa ba daga alƙalami take ba, daga sassaƙa take, watau rubutun da ake yi a jikin dutse ko tagulla. Alal misali, Berthold Wolpe, Bajamushe wanda ya yi ƙaura zuwa Ingila a 1935, ya fara ne da sassaƙa rubutu a tagulla. Daga nan ya zana haruffan Albertus, waɗanda kamfanin Monotype ya fitar tsakanin 1932 da 1940. Ya ƙawata bangon littattafai fiye da 1,500 na kamfanin Faber and Faber, da yawansu da waɗannan haruffa, kuma da su aka rubuta sunayen titunan tsohon birnin Landan. Haka kuma Hermann Zapf ya ga rubutun kaburbura a majami'ar Santa Croce ta birnin Fulorans a Italiya a 1950, ya zana Optima, wadda ta fito a 1958. Da ita aka sassaƙa sunayen sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam, a bangon tunawa da aka buɗe a Washintan a 1982.

To, me ya sa ake zaɓensu ga irin wannan aiki? Dalili shi ne, buɗewar nan takan ba harafi gindin zama, ya tsaya da kwarjini, ido kuma ya kama shi daga nesa. Saboda haka sun dace da sunan littafi, da kanun takardar shaida, da allon ma'aikata. Amma kyansu a girma yake. In aka ƙanƙanta Albertus aka cika shafi da shi, kaifin bakinsa sai ya gajiyar da mai karatu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Turawa suka zana haruffan nan domin harsunansu, don haka galibinsu ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Mai ɗab'i kuwa, in ya rasa lanƙwasa, sai ya yar da ita, ko ya aro harafi daga wani iri dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar bare. Ta haka ƙasa kan koma kasa, baƙi ya koma baki, kuma a kanu, inda kuskure ya fi fitowa fili.

Shawarata ga duk ma'aikacin da aka ɗora wa buga littafi ko rubuta allo ita ce, kafin ya amince da kowane irin haruffa, ya sa a buga masa kalmar "ƙwaƙwalwa" da "ɓarna" da "ɗaukaka", manya da ƙanana, ya duba da idonsa. In lanƙwasa ba ta fito daidai ba, komai kyan harafin, a nemi wani.