Makullan Paparoma a Jikin Kwalba

A kudancin ƙasar Faransa, arewa da birnin Abinyon, kusa da kogin Rhône, akwai wani ƙauye na manoman inabi mai mutane wajen 2000, sunansa Châteauneuf-du-Pape, wato sabon gidan sarautar Paparoma. Wanda ya duba kwalbar giyar inabin da ake yi a can zai ga tambari a kafaɗarta: makullai biyu a gicciye, bisansu doguwar hula mai hawa uku.

Abin da mamaki, alamar shugaban addini a kan kayan sha. Asalinta kuwa tarihi ne. A shekara ta 1309 fadar Paparoma ta koma Abinyon, ta zauna can har 1377. Paparoma Jean na 22, wanda ya taɓa riƙe limancin wannan birni, shi ya sa aka gina babban soro bisa tudun ƙauyen daga 1317 zuwa 1333. Makullan, a wurin Kiristoci, su ne na mulkin sama da aka danƙa wa Bitrus. Hular kuwa ita ce ta naɗin Paparoma. Soron ya zama kango, sojojin Jamus sun ƙarasa rusa rabin hasumiyarsa a 1944.

Amma ba don ibada manoman suka ɗauki tambarin ba. Kasuwa ce. A farkon ƙarni na 20 ƴan algus sun yi ta kawo giyar wasu wurare suna sayarwa da sunan ƙauyen, daraja ta faɗi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin baƙuwar albasa a buhu ana ce mata ta Galmi ya san zafin wannan. A 1923 manoman suka haɗa kai bayan wani lauya, Baron Le Roy, suka shata iyakar gonaki, suka ƙayyade irin inabin da za a shuka. Gwamnati ta tabbatar musu da sunan a 1936. Shekara guda bayan haka, a 1937, suka sa aka zuba tambarin cikin gilashin kwalbar kanta, don takarda kowa na iya bugawa ya liƙa.

Su Paparoman fa tuni suka rabu da hular. Paul na 6 ya aje ta a 1964, Benoît na 16 ya cire ta daga nasa tambari a 2005. Manoman Châteauneuf ba su cire ba.