Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Yadda Ake Ƙulla Gyara a Manhajar Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, nufina a nan shi ne in bayyana wata kyakkyawar ɗabi'a ta masu rubuta manhajar kwamfuta.

Ita dai manhaja jerin umarni ce da ake rubuta wa na'ura, kuma kullum cikin gyara take. Sau da yawa mutane da dama ke aiki a kan manhaja guda, saboda haka tilas a sami abin da zai riƙe tarihin kowane gyara. Wanda ya fi shahara shi ne Git, wanda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya ƙago a 2005 domin aikin Linux. Duk sa'ad da mutum ya gama wani gyara, sai ya adana shi tare da sunansa, da kwanan wata, da ɗan bayani. Masu sana'ar suna kiran wannan komit, ni kuwa ƙulli nake ce masa.

Dalili kuwa, dubi mai kayan miya a garinmu Sabon Birni. Gishiri ƙullinsa daban, kuka daban, barkono daban. In ya gama su a ƙulli guda, ran da kukar ta lalace har gishirin zai zubar.

To, haka gyara yake. Da farko, kowane ƙulli ya ɗauki aiki ɗaya tak. In ka gyara kuskuren lissafi, kada ka haɗa da canza launin shafi. Na biyu, ka rubuta bayani mai ma'ana. "Gyara" kawai ba bayani ba ne. Ka ce, "Gyara lissafin jimlar makin ɗalibi." An so layin farko kada ya wuce haruffa 50, sa'an nan a ƙasa ka faɗi dalilin gyaran. Na uku, ka gwada aikin kafin ka ƙulla.

Amfanin wannan yana fitowa ran da ɓarna ta auku. Alal misali, manhajar da ke tara sakamakon jarrabawa ta fara ba wanda ya ci sifiri. Git yana da dabarar raba tarihi biyu, a gwada, a sāke raba rabin da ke da laifi. Ta haka a cikin ƙulli 1,000, gwaji kamar 10 ya isa a kama mai laifin. In ƙullin ƙarami ne, sai a warware shi kaɗai. In kuwa an cusa aiki goma a ciki, tara masu kyau za su tafi tare da shi.

Kada a zaci wannan aikin Turawa ne kawai. A 2022 masana, ciki har da na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti, tarin rubutun Twitter na Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin Buroka, suka ajiye shi a GitHub don kowa ya amfana.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mu saba da tsari tun yanzu. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.