Haɗin sauti a sitidiyo: ajiye shi yau, ka maido shi gobe da layi guda

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyo ya san wannan tashin hankali. Saura minti 5 a fara labaru, wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfuta ta tashi, amma muryar mai gabatarwa ba ta fita. Mikuro lafiya lau, wayoyi suna wurinsu. Abin da ya warware yana cikin kwamfutar.

A kwamfuta mai aiki da Linux, akwai wani tsari da ake kira JACK, wanda Paul Davis ya ƙirƙiro. Shi ke ɗaukar sauti daga mikuro ya kai wa manhajar naɗa murya irin su Ardour, daga nan ya miƙa wa lasifika. Wayoyinsa ba a ganin su da ido, kuma da an kashe na'ura sai su kwance. Ma'aikaci ya koma jona su ɗaya bayan ɗaya, in ma ya tuna yadda suke.

Maganin abin wata ƴar manhaja ce mai suna aj-snapshot. Ranar da komai ke tafiya daidai, buɗe tagar rubuta umarni, ka fara duba haɗin da ke akwai:

jack_lsp -c

In ka gamsu, sai ka ajiye shi:

aj-snapshot labaru.xml

Wannan fishiye yana riƙe da jerin kowace mafita da mashigar da aka jona ta, na JACK da na ALSA. Ranar da abin ya rikice, ka rubuta:

aj-snapshot -x -r labaru.xml

Harafin x yana share haɗin da ya tarar, r kuma yana maido da wanda ka ajiye. Kowane shiri na iya samun nasa fishiye: labaru daban, hira da baƙi daban.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, haɗi kawai ake ajiyewa, ban da manhajojin kansu. Dole ka buɗe su tukuna, ko kuwa ka yi amfani da harafin d, wanda ke sa aj-snapshot ta zauna tana jira, duk manhajar da ta tashi ta jona ta. Na biyu, da suna take gane kowace mashiga. In ka sake katin sauti, sunan ya canza, sai ka sake ajiyewa. Ƙarfin murya kuwa umarnin alsactl store ke adana shi.

Sabbin tsarin Linux, kamar Fedora tun 2021 da Ubuntu tun ƙarshen 2022, sun koma PipeWire. Can umarnin pw-link -l ke nuna haɗin, kuma tsarin yana karɓar manhajojin JACK.

Ka kwafi fishiyen a kile USB, ka rubuta umarnin a takarda ka manna kusa da tebur. Wanda ke aikin dare shi kaɗai ba zai tashe ka daga barci ba.