Hutu Tsakanin Zagaye Shi Ne Sirrin Saurin Ɗaga Ƙarfe

Da yawa daga cikin samarinmu masu wasan ɗaga ƙarfe sun ɗauka cewa duk wanda ya zauna ya huta bayan ya gama zagaye guda, watau ya ɗaga ƙarfen sau biyar ko shida a jere, to, malalaci ne. Saboda haka sai ka ga saurayi ya koma kan ƙarfe yana haki, yana ɗaga shi da ƙyar, yana zaton ƙarfi yake ƙarawa. Alhali kuwa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Ga yadda abin yake. A cikin tsokar ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira fosfokiriyatin, wanda shi ne ke tallafa wa tsoka a duk aikin da ke bukatar ƙarfi da hanzari. Amma ɗan kaɗan ne, cikin 'yan daƙiƙoƙi na aiki mai tsanani yake raguwa ƙwarai. Da zarar ya ragu, sai saurin ƙarfen ya ragu, ko da mutum yana iya kai shi sama.

A shekarar 1976 Roger Harris da Eric Hultman da abokan aikinsu a ƙasar Suwidin sun auna yadda wannan sinadari ke komawa tsokar cinya bayan gajiya. Sun gano cewa da farko yakan komo da sauri, daga nan sai ya riƙa tafiyar hawainiya har tsawon mintoci. Da suka tsai da gudun jini a cinyar kuwa, sai komowar ta tsaya cik. Ashe jiki aiki yake yi lokacin da mutum ke zaune.

Don haka ne Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka, a shawarar da ta bayar a 2009, ta ce mai neman ƙarfi da ƙarfe mai nauyi ya huta aƙalla minti 2 zuwa 3 tsakanin zagaye a manyan atisaye irin su tsuguno da ƙarfe a kafaɗa. Ko a gasar duniya ma, minti 1 ake ba ɗan wasa bayan an kira sunansa, amma idan shi zai sake ɗagawa a jere, sai a ba shi minti 2.

Gajeren hutu yana da nasa amfani ga mai neman juriya da ƙarfe marar nauyi. Amma ɗan kokawa ko ɗan dambe ko mai tsere, wanda hanzari yake nema, ya lura da ƙarfen da ke hannunsa. Idan ɗagawar farko a sabon zagaye ta yi nawa fiye da ta zagayen baya, to, hutun bai isa ba. Ya ajiye, ya ƙara minti guda.