Nasiha Ga Mai Sayen Injin Jirgin Ruwa Na Hannu

A sani cewa idan damina ta yi nisa, Gulbin Zamfara ya cika ya batse, manoma da yawa ba su isa gonakinsu sai da jirgi. A watan Satumba na 2024 jirgi ya kife da manoma a Gummi, rayuka masu yawa suka salwanta. Saboda haka abin da zai ɗauki mutane bisa ruwa ba a sayensa da gaggawa.

Mutumin Tungar Guru da ya yi nufin sayen tsohon inji, ko Yamaha ne ko waninsa, kada fenti ya ruɗe shi. Farko ya taɓa injin, ya tabbata da sanyinsa kafin a tayar, domin mai wayo yakan ɗumama shi tun da safe. Kada a tayar da shi a tudu, gama robar da ke jawo ruwan sanyaya shi takan ƙone. Idan ya tashi, a duba ko yana tsartuwar ruwa ta baya. In babu, zafi zai kashe shi. A kwance man giya: in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. A duba fulogi da farfela.

Daga nan a yi masa lodi, a hau gulbi ana fuskantar igiyar ruwa. Injin da ya mutu a tsakiyar gulbi ba ya jiran makaniki.

Mai sayarwa kuma ya bayyana aibin kayansa, gama ɓoye shi ha'inci ne, kuma shari'a ta ba mai saye ikon mayarwa. Haza wassalam.